Ganuwar Yara

Yau da iyaye nake so in yi magana, musamman mu maza, gama laifin da zan faɗa nawa ne.

Shekarun baya a Aliero, lokacin hunturu, na dawo daga ziyarar marasa lafiya na tarar ɗana da abokansa biyar sun yi gini a bayan gida. Sun kakkafa karan dawa, sun yaɓe da laka, sun rufa da tsofaffin buhunan albasa. Har ƙofa suka bari. Wai ganuwa ce. Ni kuwa rigar makaranta kawai na gani ta yi dumu-dumu da laka. Na sa ƙafa na ture ginin. Ba wanda ya yi kuka. Sai ƙaraminsu ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ce ta uku. Ita ce ba ta faɗi ba."

Maganar nan ta hana ni barci. Da safe na kira ɗana na tambaye shi. Ta fari iska ce ta kwashe, domin ba su binne gindin karan ba. Ta biyu ta tsattsage da ta sha rana, sai ɗayansu ya tuna ya ga magina suna cuɗa ciyawa cikin ƙasa kafin su yi tubali. Sun raba aiki, wannan ɗebo ruwa, wannan kwaɓi, wancan tsaron awaki. Sun yi faɗa a kan sarauta har ginin ya tsaya kwana biyu, daga baya suka shirya a kan kowa ya yi sarki yini guda. Akwai yarinyar da suka kora, wai ba aikin mata ba ne. Ashe ita kaɗai ta iya ɗaurin kaba, dole suka je biko. Biyu daga cikinsu kuma 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, ba wanda ya tambayi wani inda yake sujada kafin ya miƙa masa laka.

A wace makaranta za a koya wa yaro duk wannan cikin mako ɗaya?

Kakanninmu na ƙasar Kabi sun san darajar ganuwa. Wadda Kanta ya gina a Surame cikin ƙarni na 16, kufanta yana nan har yau. In kun koma gida kuma ku karanta Nehemiya sura 3. Za ku ga garun Urushalima kashi-kashi aka gina shi, waɗansu ma daura da ƙofar gidansu, har Shallum ya fito aiki tare da 'ya'yansa mata. Magabta sun yi ba'a, amma cikin kwana 52 aka gama. Abin da yaran nan suka gwada ke nan da kara, ni mai wa'azinsa na rushe.

Yanzu yaro ya taso daga makaranta mu tura shi ƙarin darasi, ya dawo mu miƙa masa waya don ya yi shiru. Mukan ce tsoron rauni muke ji. Gaskiya ne, a duba kada su haƙa rami mai zurfi su shiga, gama ƙasa takan rufta, kada kuma su kunna wuta kusa da kara. Amma ƙujewar gwiwa ba ta isa dalilin kulle yaro ba, balle a Aliero, inda daga nesa ake kawo karaya wurin masu ɗori.

Da yamma na je na roƙi yaran gafara, na ce su ba ni aiki. Suka koma gefe suka yi shawara. Ba su yarda in taɓa ginin ba, tsaron awaki suka ba ni.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.