Me Ke Jan Masu Fasaha Zuwa Tsibiri?



Batun da aka ɗora mini yau shi ne dalilin da ya sa masu fasaha, watau marubuta da mawaƙa da masu zane, sukan bar manyan birane su koma tsibiri da zama. Mu da muka tashi nesa da teku muna iya ɗaukar wannan wauta ce, gama ina amfanin mutum ya kai kansa inda ruwa ya kewaye shi, ba shi da fita sai da jirgi? To, amma tun da masu hankali sun sha yin haka, ya kamata mu duba abin da suka je nema, da abin da suka samu, da kuma abin da suka biya. Zan ɗauki mutum biyu waɗanda da yawanmu muka san littattafansu tun muna sakandare.

Na farko shi ne George Orwell, marubucin Animal Farm, littafin da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi. A cikin 1945 aka buga littafin, a shekarar kuma matarsa ta rasu ta bar shi da ƙaramin yaron da suke riƙo. Sunansa ya fito, amma sai ya tarar Landan ta cinye masa lokaci: jaridu suna jiran sharhinsa kowane mako, masu gayyata ba su ƙarewa, babban littafin da ke ransa kuwa bai sami hannu ba. Saboda haka a cikin 1946 ya tattara ya koma Jura, wani tsibiri a yammacin Sikotlan, inda mutane ba su kai 300 ba, bareyi kuwa sun ninka su sau da yawa. Gidan da ya kama, Barnhill, yana can ƙuryar arewa, babu lantarki, babu tarho, kuma sai an bi mummunar hanya ta kimanin mil takwas kafin a isa.

A nan muke ganin abu na farko da tsibiri ke bayarwa, watau lokaci. Wanda zai zo wurinka sai ya yi niyya ƙwarai, don haka 'yan zaman kashe wando ba su zuwa. Abu na biyu shi ne aikin hannu. Orwell ya yi lambu, ya kama kifi, ya yi farautar zomaye, ga shi kuwa an san mai aikin ƙwaƙwalwa yakan sami hutun rai in ya taɓa ƙasa. Cikin wannan zama ne ya rubuta Nineteen Eighty-Four.

Amma fa mai son zuma sai ya shirya shan harbi. A watan Agusta na 1947 kwalekwalensa ya kife kusa da Corryvreckan, inda ruwan teku ke juyawa kamar guguwa, shi da yaran da ke tare da shi suka tsira da kyar. A ƙarshen shekarar likitoci suka tabbatar yana da tarin fuka, ya shafe wata bakwai a asibiti kusa da Gilasgo. Da ya koma tsibirin sai aka rasa mai buga tafireta da zai yarda ya je can, dole shi da kansa ya buga littafin, wani lokaci ma yana kan gado. Ya gama a watan Disamba na 1948, littafin ya fito a watan Yuni na 1949, shi kuwa ya rasu a watan Janairu na 1950 yana da shekara 46. Nisan da ya kare shi daga masu damunsa, shi ne ya nisanta shi daga likita da mataimaki.

Na biyu shi ne Robert Louis Stevenson, marubucin Treasure Island. Shi lafiya ce ta kore shi, domin sanyin ƙasarsu bai karɓi ƙirjinsa ba. A cikin 1890 ya zauna a Vailima, a tsibirin Upolu na Samowa. Abin lura game da shi shi ne bai ɗauki mutanen wurin kamar kayan ado ba. A zamanin nan Jamus da Ingila da Amurka suna ja-in-ja a kan Samowa, sai ya sa alƙalaminsa ya bayyana wa duniya ɓarnar da ake yi, ya kuma taimaki sarakunan da aka tsare bayan yaƙin 1893. Da aka sake su, suka share masa hanya har gidansa don godiya. Suna kiransa Tusitala, watau mai ba da labari, kuma da ya rasu a watan Disamba na 1894, su ne suka ɗauki gawarsa zuwa kan dutsen Vaea. Wannan shi ne abu na uku da tsibiri ke bayarwa: jama'a 'yar kaɗan, inda kowa ya san kowa, mutum kuma yana ganin amfaninsa da idonsa.

'Yan'uwa, ku lura da abu guda. Dukansu biyu sun riga sun ƙware kafin su hau jirgi. Tsibiri bai koya wa ɗayansu rubutu ba, uzuri kawai ya ɗauke musu. Na san a ɗakin nan akwai masu burin zama marubuta, waɗanda kullum suke cewa da sun sami wuri shiru da tuni sun rubuta littafi. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Wanda bai iya tsare awa biyu a laburare ba tare da hira ko duba waya ba, ko an kai shi Jura zai sami abin da zai ɗauke masa hankali. In kuwa Allah ya nufi waninmu da zama a irin wannan wuri, to, ya tafi da sana'arsa a hannu, ya kula da lafiyarsa, ya kuma tuna wurin yana da masu shi.