KAFIN KU ƊAURE KAYA

Karatu: Littafin Rut, sura 1

  

A makon nan wani magidanci daga unguwar Pantami a cikin garin Gombe ya aiko mana da tambaya. Yana da mata da yara huɗu, biyu a sakandare, biyu a firamare. Sana'arsa ta ja baya, kuɗin makaranta kuwa ba ya jira. Wani ɗan'uwansa da ke zaune kusa da Abuja ya ce masa ya zo, aiki ba zai gagara ba. Yanzu yana tunanin sayar da ɗan filinsa da gonar da ya gāda a ƙauye, ya kwashe iyali su tafi. Uwargida ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, sai dai ta daina barci sosai. Yana tambaya: mu tafi, ko mu zauna?

Ɗan'uwanmu, ba za mu yanke maka hukunci ba, gama kai da iyalinka ne za ku ɗauki nauyin wannan tafiya. Amma za mu duba wani iyali a cikin Littafi Mai Tsarki da ya tsaya a daidai inda ka tsaya, mu ga abin da za mu koya.

A zamanin mahukunta aka yi yunwa a ƙasar Yahuza. Wani mutumin Baitalami mai suna Elimelek ya ɗauki matarsa Na'omi da 'ya'yansa biyu, Malon da Kiliyon, suka ƙaura zuwa Mowab. Niyyarsu baƙunci ne, su ɗan zauna har yunwa ta wuce. Amma suka yi wajen shekara goma a can. Elimelek ya rasu. 'Ya'yan suka auri matan Mowab, Orfa da Rut, sa'an nan su ma suka rasu. Aka bar mata uku gwauraye, ba mai ci da su.

Mu lura da kyau, Littafin bai ce Elimelek ya yi zunubi da ya ƙaura ba. Kada mu ɗora masa laifin da Allah bai ɗora masa ba. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran bisa ga kiran Allah. Yusufu ya gudu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar domin ya tsere wa Hirudus. Ƙaura ba zunubi ba ce. Amma ita ma ba mai ceto ba ce. Mutum yana iya barin yunwa a baya ya tarar da wata damuwa tana jiransa a tasha.

Mu a Gombe mun san ƙaura ta fuska biyu. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga cikin Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996, mutane suke ta shigowa garin, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A shekara ta 2014 kuwa, da Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta, Michika a Satumba, Mubi a Oktoba, mun ga 'yan'uwanmu sun iso da kayan jikinsu kaɗai. Waɗannan ba su sami zarafin yin lissafi ba. Wanda wuta ta kama gidansa ba ya tsayawa neman takalmi. Amma kai, ɗan'uwanmu, Allah ya ba ka lokaci. Lokacin nan baiwa ce, ka yi amfani da ita. Ga abubuwa biyar da za ku auna.

Abu na farko: ku yi shawarar tare.

Elimelek ne ya ja gaba, amma wa ya sha ɗacin ƙarshen tafiyar? Na'omi ce. Ita ce ta binne mutum uku a baƙuwar ƙasa, har da ta komo gida ta ce a daina kiranta da sunanta mai daɗi, a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Sau da yawa maigida ne yake yanke shawarar ƙaura, amma uwargida ce take yini a gidan haya inda ba ta san kowa ba. Ita ce take barin 'yar sana'arta, da adashinta, da Zumuntar Mata, da maƙwabciyar da take bar wa yara in za ta kasuwa. Shirun matarka ba yarda ba ne. Ka zauna da ita bayan yara sun kwanta, ka tambaye ta abin da take tsoro, ka bar ta ta gama magana. Manyan yaran ma a ji ta bakinsu. Tsofaffin da ke ƙauye, a Billiri ne ko Kaltungo ko Balanga, wa zai riƙa duba su in kun tafi? A amsa wannan tun kafin a ɗaure kaya.

Abu na biyu: ka je ka gani da idonka.

A Farawa sura 13, Lutu ya ɗaga ido ya hangi kwarin Urdun, ya ga ruwa da ciyawa, ya zaɓa nan take. Ya duba abin da dabbobinsa za su ci, bai duba mutanen da 'ya'yansa za su tashi a cikinsu ba. Ba a daɗe ba aka kama shi a yaƙi, sai da Ibrahim ya bi sawu ya ƙwato shi. Daga baya ya fita Saduma ba dukiya, ba mata. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ɗan'uwan da ya kira ka yana ƙaunarka, amma ka tambaye shi sarai: akwai aiki, ko dai ana fatan za a samu? Wa zai biya, nawa, kuma yaushe? Iyayenmu da suke tafiya cin rani sun san hikimar nan. Namiji yakan tafi shi kaɗai bayan kaka, ya gwada, ya komo kafin damina. Kai ma ka shiga mota, ka bi ta Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi, ka yi wata biyu ko uku kana aikin kafin ka taɓa iyali. Za ka tarar da yawancin masu ƙaramin ƙarfi da suke cewa suna Abuja, a Mararaba ko Masaka suke kwana, cikin Jihar Nasarawa, kullum da asuba suna fama da cunkoson hanya. Ka kuma binciki dokar wurin game da sana'arka. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja tun 2006. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a 2013. Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni 2022, har da Ikeja da Apapa, daga baya ta ƙara wasu. Wanda ya sayar da gona ya sayi babur bai tambaya ba, ya yi asara biyu. Gani ya kori ji.

Abu na uku: ku zauna ku yi lissafi a takarda.

Ubangijinmu Yesu, a Luka sura 14, ya ba da misalin mai gini da ya kamata ya fara zama ya ƙidaya kuɗinsa, don kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa, mutane su yi masa dariya. Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Ku ɗauki biro da takarda, kai da uwargida. Kada ku rubuta albashi kaɗai, ku rubuta abin da zai rage bayan an ci an sha.

A manyan birane akan nemi kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, ga kuma ladan dillali. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso a albashin talaka. Ku rubuta na zuwa aiki kullum, ku rubuta na komowa gida in an yi rasuwa ko biki, ku shida. Ku rubuta ruwa, gama a wurare da yawa saye ake yi wurin mai ruwa. Sa'an nan ku rubuta abin da kuke samu yanzu ba da kuɗi ba: buhun masara da na wake da suke zuwa daga gona, da mai shagon da yake ba ku bashi domin ya san ku. A sabon wuri duk wannan sai da kuɗi a hannu. Albashin da ya ninka naka na yanzu yana iya zama ƙasa da shi in an gama cirewa.

Ku sa makarantar yara a cikin lissafin. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, saboda haka lokacin dogon hutu ya fi dacewa da tashi. Yaron da ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, a bar shi ya rubuta jarrabawar WAEC ko NECO inda yake, ko da a hannun dangi ne. Ku karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon kowane yaro. Ku kuma sani cewa tsarin mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar, amma zama bai mai da mutum ɗan asalin jiha ba. Wajen ɗaukar aikin gwamnatin jiha, da tallafin karatu, da kuɗin makaranta a jami'o'in jihohi da yawa, ana tambayar takardar shaidar asali. Yaron da zai shiga Jami'ar Jihar Gombe a matsayin ɗan gida, a wata jihar baƙo ne. Ku karɓi takardun nan daga ƙaramar hukumarku kafin ku tafi, da na haihuwa, da katin rigakafin ƙananan yara.

Abu na huɗu: kada ku toshe hanyar komowa.

A nan ne muke roƙonka ka kasa kunne sosai, ɗan'uwanmu. A sura 4 ta Littafin Rut mun ga cewa bayan duk shekarun nan, akwai sauran gonar Elimelek a Baitalami. Sunan iyalin bai ɓace daga ƙasar ba. A kan wannan gona ce Bo'aza ya tsaya a ƙofar gari gaban dattawa ya fanshe ta, ya auri Rut, aka haifi Obida, kakan sarki Dawuda. Na'omi ta komo hannu wofi, amma ta tarar da wurin da za ta komo.

Kada ka sayar da gonar gādo don ka biya hayar shekara ɗaya. Haya za ta ƙare, gonar kuwa ta tafi ke nan. Ka ba ɗan'uwa ya noma, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Filinka ma, in da hali, ka riƙe takardunsa. In kana bin wani bashi ko ana binka, ku daidaita. In akwai wanda kuka saɓa da shi, a gida ko a ikilisiya ko cikin maƙwabta, ka nemi sulhu. Maƙwabtanka na Pantami, Kirista da Musulmi, da kuka yi shekaru kuna gaisawa, kuna zuwa wa juna jaje da barka, ka bi su gida gida ka yi sallama. Kada ka fita da dare kamar mai gudun bashi. In kuwa kun je abin bai yi ba, komowa ba abin kunya ba ne. Na'omi ta komo a farkon kakar sha'ir, a can kuma Allah ya shirya mata abinci.

Abu na biyar: ku san inda za ku yi sujada tun kafin ku isa.

Da Fibi za ta tafi Roma daga Kankiriya, manzo Bulus ya gabatar da ita ga masu bi na can a cikin wasiƙarsa, ya roƙe su su karɓe ta su taimake ta. Ku ma ku karɓi takarda daga fastonku. Ko ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko LCCN, a manyan garuruwa da wuya a rasa inda ake sujada da Hausa. Lahadin farko ku tafi dukanku. Iyalin da ya ce bari mu zauna tukuna, sau da yawa shekara takan wuce bai shiga ko'ina ba, yara kuma sun riga sun sami abokan da titi ya zaɓa musu.

In kuma kun zauna, ku zauna da zuciya ɗaya. Annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila cewa su yi gini, su yi shuka, su nemi alherin garin, su yi masa addu'a. Ku gai da mai unguwa, ku girmama al'adar masu gari, ku koyi gaisuwa da harshensu.

To, ɗan'uwanmu, ku tafi ko ku zauna? In kun yi shawara tare, ka je ka gani, lissafi ya fita, gonar tana nan, zuciyarku kuma ta natsu a gaban Allah, ku tafi da salama. In ɗaya daga cikin waɗannan ya rage, ku dakata. Sauri ya haifi nawa. Allah na Gombe shi ne Allah na Mararaba, ba ya tsayawa a iyakar jiha.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, muna kawo maka wannan iyali, da dukan iyalan da suke tsaye a mararrabar hanya. Ka ba mazaje tawali'u su saurara, ka ba mata ƙarfin hali su faɗi abin da ke ransu. Ka tsare yara. Ka tuna da waɗanda aka kora daga gidajensu ba shiri, ka ba su wurin hutawa. Inda ka buɗe ƙofa, ka ba mu ƙarfin shiga. Inda ka rufe, ka ba mu haƙurin jira. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.