Jawabi ga taron makiyaya: ina kuɗin kasuwa yake tafiya?

 

Zancenmu na yau zancen haraji ne. Mu makiyaya ba mu ƙin biya. Kakanninmu sun biya jangali tun zamanin Nasara, mu ma muna biyan namu. Tambayarmu ɗaya ce: in an karɓa, ina yake tafiya?

A shekarar 2004 aka yi zaɓen farko na komin-komin a Nijar, aka raba ƙasa komin sama da 260. An ɗora wa magajin gari gyaran rijiya, ajin makaranta, ɗakin shan magani da kasuwa, ga albashin ma'aikata. A 2008 gwamnati ta kafa hukumar ANFICT don tallafa musu, amma abin da ke fitowa daga Yamai bai isa ba, kuma yakan makara. Manomi, in damina ta ƙi, ba shi da abin biyan lanho. To, sai ido ya koma kan kasuwar bisashe, don nan ne kuɗi ke shiga kowane mako.

Ku duba Abalak, Badagishiri, Dakoro ko Balleyara. Sa ɗaya, a biya na shiga, a biya in an sayar, a biya in za a loda shi mota. Ko falke ya biya, daga farashinmu yake cirewa. In dabba ta ɓace aka tsare ta, sai an fanshe ta. Mai tafiya kiwo kuma komin nawa zai ratsa kafin ya dawo mashekari? Ga shi kasuwanni da yawa ba shinge, ba ruwa, ba inuwa. Ana tatsar saniya, ba a ba ta dusa.

Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙinmu ne. Amma haƙƙin da ba burtali, ba mashaya, a takarda kawai yake.

Maƙwabtanmu na Gogunu a ƙasar Benin sun gwada wata hanya. Makiyaya da ƴan kasuwa ke riƙe da kasuwarsu, ana ciniki gaban shaidu, a rubuta, a ba komin rabonta, saura a yi wa kasuwa aiki.

A 2024 an rushe majalisun komin, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su. Saboda haka ƙungiya ce bakinmu, kuma ga abin da muke nema. Na ɗaya, a kafa allo a ƙofar kowace kasuwa, a rubuta kuɗin kowace dabba. Na biyu, a sa makiyaya cikin kwamitin kasuwa, a karanta lissafi a bainar jama'a. Na uku, a ware wani kaso don rijiyoyi, alamun burtali da wurin allurar dabbobi.

Mu ma da namu aikin. Kada kowa ya ba da ko dala ba tare da tikiti ba, domin kuɗin da ba tikiti aljihun wani ya shiga, komin ba ta gan shi ba. Ku ajiye tikitocinku, ku kai wa wakilin ƙungiya na yankinku. Da su za mu je gaban hukuma da lissafi a hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.