Yaron da ya san dalili shi ka riƙe aiki

Jawabi domin masu karatun yaƙi da jahilci na Galma Kudawace



Maganar yau ta yara ce. A gidaje da yawa, uba ba ya magana da ɗansa sai in zai aike shi, ko zai yi mashi faɗa. Yaro ya ji tsawa, ya tafi yana gunaguni.

Ga misali. Da safe an ce ma yaro: "Kai, tafi da awaki!" Ba a ƙara mashi komi ba. Ya tarar da abokai, ya shiga wasa. Awaki suka faɗa garkar albasa. Mai garka ya kai ƙara wurin maigari, aka biya ɓarna, yaro ya sha bugu. Gida biyu suka daina gaisawa.

Wani uba kuwa ya zaunar da nasa ɗan. Ya ce: "Ka ga garkar can? Mai ita ya yi wata da watanni yana ban ruwa. Da kuɗin albasar zai sayi hatsi. In awakinmu sun ɓata ta, akuya guda za mu saida mu biya." Yaro ya ce: "Na ji, Baba." Wannan yaron ya san abin da yake tsaro.

Haka zancen itatuwa yake. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don su tare iska. A 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita da taimakon Italiya. Ƙaramin icce ba ya da maƙiyi kamar akuya, awaki kuwa sau da yawa a hannun yara suke. Yaron da aka gaya ma amfanin icce zai kore su da kansa, ko ba kowa kusa.

To, yaya za a yi?

1. A kira yaro gefe. Faɗa gaban abokansa yana sa shi taurin kai.
2. A bari ya faɗi tasa kafin a yanke hukunci.
3. In an sa shi aiki, a gaya mashi dalili.
4. In ya yi daidai, a ce "madalla", a sa mashi albarka.
5. Alkawarin da aka yi mashi, a cika shi.

Akwai kunyar ɗan fari, wadda ke hana iyaye sakewa da shi. In haka ne, kaka ko kawu ko gwaggo su zauna da shi. Kada a bar shi ba mai jin damuwarsa. Saurayin da ba a saurara a gida, wata rana sai a ji ya tafi cin rani ba sallama.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito a 1989, Nijar ta amince da ita a 1990. Ta ce a ji ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Jin ta bakin yaro ba ya rage girman uba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hankali ake yi don kada ya karye. Yau da dare, bayan tuwo, kowa ya tambayi ɗansa ko ɗiyarsa yadda aka wuni.

Allah ya shirya yara, ya ba iyaye haƙuri. Amin.