Ba A Hukuncin Kisan Jariri Sai An Tabbatar Ya Zo Da Rai

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatun fiƙihu a Kawo, Kaduna.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzo (S), Malam ya ce da zarar an tsinci gawar jariri a kwata ko a bola, sai unguwa ta ɗauka, matasa su far wa wadda ake zargi da duka. Ya ce kashe jariri babban zunubi ne, Suratut Takwir ta ishe mu gargaɗi. Amma kafin a kira mutum mai kisan kai, akwai tambayar farko: shin yaron ya fito da rai?

Ya ce a Malikiyya alamar rai ita ce istihlali, wato kukan da jariri ke tsalawa yayin haihuwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa wanda bai yi kukan ba, ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gadonsa. A nan ana karɓar shaidar mata biyu, don maza ba sa halartar haihuwa.

Malam ya kawo hadisin matan Huzailu biyu, inda ɗaya ta jefi ɗaya cikinta ya zube, Manzo (S) ya hukunta gurra, wadda malamai suka ƙiyasta dinari 50 ko dirhami 600. In da ɗan ya fito da rai sannan ya mutu, da cikakkiyar diyya ake magana.

Ya ƙara da cewa hatta dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bambanta mutuwar ɗa a ciki da kashe rayayyen ɗa. Likitocin Turai kuwa tun ƙarni na 17 suke jefa huhun jariri a ruwa, in ya taso su ce ya yi numfashi. Sai dai ruɓewa ma kan sa huhu ya taso, don haka gwajin shi kaɗai bai isa hujja ba.

Malam ya ce in alƙali da likita sai sun yi bincike, ina ga ɗan kan titi? Ya gargaɗi 'yan uwa cewa jifan mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80. Aikinsu shi ne su hana duka, su miƙa al'amarin ga hukuma, kuma su tuna cewa mace ba ta yin ciki ita kaɗai.

Daga nan aka yi addu'a aka tashi.