Shingen Filin Horar da Doki: Wanda Ke Tsarewa da Wanda Ke Yanka

Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamaina likitocin dabbobi, ɗalibai, da ku 'yan'uwa masu kwana da tashi a barga.

An ce in yi magana a kan irin shingen da ya kamata a kewaye filin horar da doki da shi. Na san a cikinku akwai wanda ya so a ce maganar magani aka ɗauko, ko ta abinci, ko ta irin dawakin da suka fi gudu. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin da yawa daga raunukan da ake kiran likita a kansu da tsakar dare, tun ranar da aka kafa dirkar farko aka shirya su.

Bahaushe ba baƙon doki ba ne. Muna da hawan Sallah, hawan Daushe da hawan Nassarawa, har hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su a shekarar 2024. Katsina ta yi suna a wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa. Amma abin da muka gada wajen tsare doki shi ne turke, da dabaibayi, da tarnaƙi, da barga a cikin gida. Horo kuwa a sarari ake yi, a fita bayan gari a yi kilisa, ba abin da zai tare doki sai ƙarfin hannun mahayi. Yau bayan garin ya zama fulotai, hanya ta cika da mota da babur, samari masu sha'awar doki kuma sai ƙaruwa suke yi. Dole ta sa ana killace fili. To da yake ba mu gaji wannan aiki ba, sai mai doki ya ari shingen gona, ko na garken shanu, ko na tsaron gida, ya kafa wa dabbar da halinta ya sha bamban da duk waɗannan.

Doki dabba ce da Allah ya halitta da gudu a matsayin kariyarta. In ya firgita, sai ya zabura tukuna, daga baya ya waiwayi abin da ya tsorata shi. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma siririn abu da ke gabansa kai tsaye ba ya tantance shi da wuri, balle da magariba ko cikin ƙurar hunturu. Ku ɗauki doki mai nauyin kilo 350 yana sukuwa, gudun da kan kai kilomita 40 a awa ko fiye. Duk abin da ya tsaya masa a gaba, ko shi ya karye ko dokin. Sannan ga bambancin da na fi so ku riƙe. Saniya in ƙafarta ta maƙale, sau da yawa takan tsaya ta jira. Doki ba ya jira. Zai fizga, ya sake fizga, ya yi ta harbi, har sai ya kuɓuta ko ƙafar ta lalace. Saboda haka tambayar da zan so kowa ya yi wa mai sayar masa da kayan shinge ita ce: ranar da dokina ya yi karo da wannan abu da gudu, ko ya zura ƙafa a ciki, me zai same shi?

Da wannan tambaya za mu auna waya mai ƙaya, wadda ita ce ta fi yawa a wurarenmu. Wani manomi a jihar Illinois ta Amurka, Joseph Glidden, shi ya yi rajistar irin wadda muka sani a 1874, kuma don shanu aka yi ta, dabbobi masu kaurin fata da sanyin hali. Wanda ya taɓa ɗinke dokin da ya faɗa mata ya san yadda abin yake. Dokin yana tonon ƙasa a gindin shinge, ko ya kai wa na waje harbi, sai wayar ta shige ta bayan kofato, a lanƙwasar nan mai taushi. Yana ja tana aikin zarto. Kafin yaron barga ya rugo, ta yanke fata, ta ci jijiya, wani lokaci har ta buɗe gaɓa. In ta kama agara kuwa, shi ke nan, an yi asarar doki ko da ya rayu.

Likitocin da ke nan za su shaida cewa daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka, daga ƙashi sai jijiya sai fata. Rauni a nan ba ya saurin warkewa, fatar ba ta isa a ja a haɗe, kuma sau da yawa naman banza ne zai tsiro ya taso sama da fatar ya hana ta rufewa. Ga ƙuda, ga ƙura, ga watanni ana ɗauri ana kwancewa. Ga kuma tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi. Ƙwayarsa a ƙasa take da cikin kashin dabbobi, doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da shi, kuma mafi yawan waɗanda ya kama ba sa tashi. Wanda ya ce ya sa waya mai ƙaya don araha, ya haɗa kuɗin allurai da bandeji na wata uku da darajar dokin da ya gurgunce, ya ga ko arahar tana nan. Ni a wurina ba ta da gurbi ko taku ɗaya a inda doki zai zauna. Siririyar waya marar ƙaya da aka ja ta yi tauri, ita ma ba ta tsira ba: doki ba ya ganinta, kuma in ya afka mata da gudu yanka take yi.

Na biyu a ɓarna shi ne kwanon rufi. An ga yana rufe ido, yana da sauƙin kafawa, sai a jera shi a tsaye. Harbi ɗaya kofato zai huda shi, kuma wajen zaro ƙafar ne bakin kwanon zai fere ta har ƙashi. Iska in ta taso ya yi ta ƙara yana firgita dukushin da kake ƙoƙarin kwantar wa hankali. Haka rodin da aka kafa a matsayin dirka, kansa a tsaye ba murfi, dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya ya sauka a kai zai soke ƙirji. Ragar waya mai manyan idanu da ake wa awaki tarkon kofato ce. In raga za a yi, idonta kada ya wuce inci 2 a faɗi da inci 4 a tsayi, a kuma ɗora katako a samanta don a gan ta. Shingen ƙaya yana tsone ido. Shukar bini-da-zugu da zurma, da ake kewaye gonaki da su, 'ya'yansu guba ne ga doki. Darnin kara ba ya cutarwa, amma doki zai cinye rabi ya bi ta kan rabi.

To me za a yi? Kafin kayan aiki, a fara da siffa. Filin horo a yi shi zagaye, kamar yadda masu horo a Amurka da Turai suka daɗe suna yi, saboda ɗanyen doki in ya sami kusurwa, nan zai cusa kai ya juyo maka baya, kai kuma ka shiga layin harbi. A zagaye ba inda zai laɓe, sai ya ci gaba da tafiya yana sauraronka. Faɗinsa daga wannan gefe zuwa wancan ya zama ƙafa 50 zuwa 60, wato mita 15 zuwa 18. In ya gaza haka, juyi a ƙunci yana wahalar da gaɓoɓin ƙaramin doki, in ya zarce sosai kuma mai horo ne zai gaji da bi. Tsayin shingen makiyaya ƙafa 5 ya isa, amma filin horo, musamman da yake dawakinmu na hawa galibi ingarmu ne ba a dandaƙe su ba, a kai shi ƙafa 6. Duk wata tazara a jikin shingen, ko dai ta yi ƙanƙantar da kofato ba zai shiga ba, ƙasa da inci 3, ko ta yi faɗin da abin da ya shiga zai fito salin-alin, ƙafa ɗaya ko fiye. Tsakanin waɗannan biyu nan hatsarin yake.

A kayan da muke da su a hannu, ba na ganin abin da ya fi katanga mai santsi, kuma ina jin takaicin yadda muke raina ta ƙasa. Katangar ƙasa da aka gina da kauri aka yi mata yaɓe mai kyau, doki yana ganinta sarai, ba inda ƙafa za ta maƙale, ba ta zafi irin na ƙarfe, harbi ya fi sauƙi a kanta bisa kan siminti, kuma tana rufe masa ganin abin da ke waje, hankalinsa ya dawo kan mai horo. Maginanmu sun iya gina zagaye tun daga ɗakin kaka da rumbu. Abin da take bukata shi ne rariya a gindi don ruwan damina ya fita, da gyaran yaɓe duk shekara. In da bulo za a yi, a cika ramukan layukan ƙasa da kankare, a shafe ciki sumul, kada a kuskura a dasa fasassun kwalabe a kai. Aibin katanga biyu ne da ya kamata a faɗa: tana tare iska, kuma mai horo ba shi da wurin tsallakewa in ingarma ya taso masa. Don haka wasu ke gina ta zuwa ƙirji, su ƙarasa sama da fayif ko katako. Wannan tsari ya yi mini.

Katako shi ne abin da aka fi sani a ƙasashen waje, kuma yana da kyau in mai kauri ne, inci 2 a 6. Sharaɗinsa a buga allunan ta ciki, dirkokin su koma waje, ta yadda in doki ya jingina ba zai ɓalle ƙusa ba, gwiwar mahayi da likkafa kuma ba za su ci karo da dirka ba. Abokin gabarsa a nan gara ce. Azarar giginya tana jure mata, sai dai a kankare zaruruwanta masu suka. Baƙin man mota da ake shafa wa katako, kada a sa shi inda bakin doki zai kai, domin doki mai zaman kaɗaici yana gwaguyar itace. Gora kuwa in ta bushe ta tsage, tsininta yana shiga nama, ban ba da shawararta ba.

Fayif ɗin ƙarfe yana daɗewa, gara ba ruwanta da shi, amma ba ya sassauci: in an yi karo, doki ne zai ji. In za a yi da shi, a sa mai kauri, kamar inci 2, a yi masa farin fenti marar dalma, a tsaya a kan mai walda ya goge duk inda ya haɗa, ya toshe bakin kowane fayif. Akwai shingayen ƙarfe na tafi-da-gidanka da ake harhaɗawa da ƙugiya. Ku lura da inda biyu suka haɗu a sama: in kafaɗunsu a lanƙwashe suke, suna barin wani ɗan kwari da ƙafar dokin da ya miƙe tsaye kan faɗa ciki. Manyan filayen sukuwa a Ingila da Ostareliya sun koma shingen roba mai lanƙwasawa saboda irin wannan karo, sai dai robar da ba a yi ta don jure rana ba, zafinmu zai busar da ita ta riƙa fashewa.

An tambaye ni batun shingen lantarki. Yana da amfani a makiyaya, in farin kirtani ne mai faɗi da na'urarsa ta musamman mai aika wuta ɗif-ɗif kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ko da yake busasshiyar ƙasar rani tana rage masa ƙarfi. A filin horo ba shi da wuri, domin ba a koya wa doki natsuwa a inda bango ke cizo. Haɗa waya da wutar gida kai tsaye kuwa kisan kai ne, na doki da na yaron maƙwabta.

Ƙofa ita ce inda aka fi sakaci. Faɗinta kada ya gaza ƙafa 4, in amalanke ko mota za ta shigo da yashi a kai shi 12. Tsayinta daidai da shingen, sakatarta ta waje wadda hannu ɗaya zai buɗe amma leɓen doki ba zai iya ba, kuma kada a gitta ƙarfe a sama inda kan mahayi zai bugu. Ƙasan filin a tsince duwatsu, a zuba yashi kaurin inci 2 zuwa 3. In ya yi zurfi da yawa jijiya yake gajiyarwa.

Ranku ya daɗe iyayenmu, ku ne ake koyi da bargarku. In aka ga an cire waya da kwano a gidan hakimi, samarin unguwa za su cire. 'Yan'uwana masu kula da dawaki, aikinku ya fi na kowa sauƙi kuma ya fi na kowa amfani: kafin a saki doki da safe, mutum ya zaga filin ta ciki yana shafa shingen da tafin hannu, tun daga gwiwa har kafaɗa. Duk abin da ya karce ka, ƙusa ce ko tsinin walda, a gyara shi kafin dokin ya shigo. Ɗalibai kuma, in an kira ku ɗinki, bayan kun gama kun yi allurar tetanus, ku ce a nuna muku inda abin ya faru, ku gaya wa mai dokin gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. Wanda yake da waya mai ƙaya a filinsa yau, ina roƙonsa ya warware ta a makon nan, ko da kuɗin katanga bai samu ba tukuna, ya mayar da dokin turke har ya samu.