Kaushin Hoto: Abin da Muke Gogewa da Abin da Muke Ɗorawa



Maganata a yau a kan ƙara wa hoto kaushi ne da manhajar gyara, wato a sa mai kallo ya ji kamar in ya kai hannu zai taɓa saƙar yadi ko yaɓen bango. Aikin ya daɗe. Tun 1990 kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, wadda ’yan’uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro. Abin da ya sauya shi ne, yau saurayi a Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo zai iya yin wannan aiki a bakin shago da Snapseed ko PicsArt, ba sai ya je Kano ba.

Hanyar ba ta da wuya. Hotuna biyu ake buƙata: na mutum, da na abin da za a ari kaushinsa. Na biyun sai a cire masa launi ya koma baƙi da fari, don kada jan ƙasa ko shuɗin baba ya ɓata launin na farko. A shimfiɗa shi a sama, a zaɓi salon haɗi. Wanda aka rubuta wa Multiply yana duhunta hoto, Overlay kuwa yana ƙara wa haske haske, duhu kuma duhu. Daga nan a rage ƙarfin shimfiɗar har ta kusa ɓacewa. Mafi yawan kuskure a nan yake: sai a bar ta da ƙarfi, hoto ya zama kamar an ɗauke shi ta bayan rariya. A ƙarshe a share ta daga kan fuska da hannuwa.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba rashin iya danna manhaja ba ne. Ku dubi hotunan biki da na Sallah da ke yawo a wayoyinmu. An goge fuskar amarya har ba a ganin ƙofofin gashi, an haske ta har danginta sai sun ƙura ido. Dattijo mai bille ko tsagar gado, manhaja ta ɗauki zanen a matsayin tabo ta shafe shi, alhali wannan zane shi ke faɗin gidan da ya fito, kuma yaran yanzu ba a cika yi musu ba. Bayan an kwashe kaushin da Allah Ya yi, sai a sauko da na aro daga intanet, bangon jan bulo ko katakon wata ƙasa, a jingina mutumin Karaye da shi. An yi asara biyu ke nan a hoto ɗaya.

Seydou Keïta, mai hoton Bamako a ƙasar Mali, ya yi suna a duniya da hotunan da ya ɗauka tun daga ƙarshen shekarun 1940. Yadi mai zane yake ratayawa a bayan mutum, zanen yadin ya yi gogayya da na tufafin. A nan gida, J. D. ’Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ana ganin kowane layi na kitso daki-daki. Dukkansu da abin da ke gabansu suka yi aiki.

Mu ma namu yana gabanmu. Je ka tsaya gaban tsohon soro da hantsi, lokacin da rana ke dukan bango ta gefe. Za ka ga sawun yatsun maginin a jikin yaɓe, kowane da ’yar inuwarsa, ga guntayen ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita sun leƙo. In rana ta bugi bangon gaba da gaba, duk wannan ɓacewa yake, bango ya koma fili. Akwai zana da dannin kara, akwai faifai da tabarmar kaba, akwai laka mai tsagewa a gaɓar madatsar Challawa da ke Karaye idan ruwa ya ja da rani, akwai yadin da aka rina a Ƙofar Mata. Sharaɗi ɗaya: hasken ya zo ta ɓangare guda. In rana ta bugi bango ta dama, mutum kuma ta hagu, ido zai ƙi hoton ko da mai kallo bai san dalili ba.

A kula kuma da turawa. WhatsApp yana matse hoto, kaushi mai siriri shi ke fara tafiya, don haka a tura wa mai bugawa a matsayin fayil. Hoton fasfo, na katin ɗan ƙasa, da duk wanda zai zama shaida a kotu ko a labari, ba a ɗora musu komai.

Shawarata ga masu hoto na Karaye da Rogo ita ce mu haɗa rumbu guda na irin waɗannan hotuna, kowa ya zuba kowa ya ɗiba. A rubuta wa kowane garin da aka ɗauke shi da shekara, in saƙa ce a sa sunan masaƙin da izininsa, in bangon gida ne a yi sallama da maigidan kafin a ɗaga waya.